Turancin da Yaya Rabi Ta Sha

Kun taso kun tarar ana ba da labarin nan a gidanmu ana dariya, musamman ranar suna ko biki idan mata sun cika tsakar gida, wai Babanku ya taɓa dama wa Goggonku Rabi Turanci a ƙoƙo ta shanye. Ni ma nakan taya su dariyar, don abin dariya ne. Amma masu ba da labarin suna yanke shi a daidai inda dariya ta ƙare, suna kuma fito da kakanku kamar wani tsoho mai zafin kai wanda ba ya son jin ko ƙanshin boko. Ba haka mutumin da ya haife ni yake ba. Tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda aka yi abin a gabansu, gara in rubuta muku yadda aka yi tun kafin masu ƙara gishiri su gama da shi.

Shekarar da aka canja kuɗi ce, aka bar fam da sule aka koma naira. Ina da shekara ashirin da biyu ko da uku, muna zaune a Unguwar Hajji cikin Karaye. Mutanen gari Alaramma suke ce wa mahaifina, mu kuwa a gida Malam muke cewa, har Inna. Na riga na haddace Alƙur'ani a hannunsa, rubutuna kuma ya yi kama da nasa har gardawan zaurenmu, wato manyan ɗalibansa, ba sa iya bambancewa. Malam ba mai yabo ba ne. Idan ka yi daidai shiru zai yi, idan ka yi kuskure ya yi gyaran murya, shi ke nan. Sau ɗaya a wata, ko ma ba a kai ba, yakan duba allona ya ce, "To, madalla," ni kuwa in kwana uku ina jin daɗinta. Kowa a unguwa ya san ni ne zan gaji buzun da yake zama a kai yana ba da karatu, ni ma na sani, kuma ba na ɓoye muku ina taƙama da hakan. Duk duniya a lokacin babu abin da nake tsoron rasawa kamar yardar mutumin nan.

Abin da ya jefa ni neman Turanci wata tsohuwa ce daga ƙauye. Ta zo zaure da takarda a ƙulle a bakin zane, an aiko mata daga wurin sojoji inda ɗanta yake aiki. Mutane sun saba kawo mana wasiƙa mu karanta musu, in dai da ajami ce. Wannan kuwa da keken rubutu aka buga ta, da Turanci. Malam ya juya ta ya miƙo mini, na juya ta na miƙa wa na kusa da ni, ta zagaye zauren nan kaf ta koma hannun mai ita. Tsohuwar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ni dai ku gaya mini, yana raye ko ya mutu?" Mahaddata bakwai ne a zaune a wurin, babu wanda ya iya amsa mata. Sai washegari aka samu mai karanta mata, ashe hutu ɗan zai zo. Amma ta kwana tana kukan mutuwarsa, ni kuma kunyar ranar ta ƙi sakina.

A makarantar firamare ta garin akwai wani malami, Malam Ɗanjuma, mutumin wajen Zariya, siriri, ba ya rabo da biro a aljihu. Kusan sa'ana ne. Karatunsa na allo bai yi nisa ba aka ɗauke shi aka kai boko, abin yana damunsa. Muka yi musaya: ni in gyara masa karatu, shi ya koya mini Turanci. Bayan la'asar muke haɗuwa a inuwar mai gyaran keke, nesa da unguwarmu. Da farko ya ɗauko ni yadda yake koya wa yara, wannan ƙwallo ce, wancan kare ne, abin ya ƙi shiga kaina. Rannan sai na ba shi labarin harji, yadda gardawa suke tattara ayoyi da kalmomi masu kama da juna su riƙe su gida-gida don kada su rikice a wajen tilawa. Sai ya ce ai Turanci ma yana da irin waɗannan gidaje. Akwai kalmomi da yawa da ƙarshensu ɗaya ne, in ka kama ɗaya sauran za su biyo ta. Muka sa musu suna 'yan wutsiya ɗaya. Daga ranar karatu ya buɗe mini. Yakan ba ni gida guda, kalma goma ko sha biyu, in tafi in haddace, sai a zama na gaba ya ba ni ma'anoninsu. Ni na nace a yi haka, don haka aka koya mana: hadda tukuna, fassara daga baya. Ya so ya yi gardama, na ce masa kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Takarda ba ta da yawa a lokacin, kuma littafin boko a ɗakina zai zama abin tambaya. Saboda haka na ware wani tsohon allo, ina rubuta kalmomin a kansa da baƙaƙen ajami yadda kunnena ya ji su. Kowace kalma layinta guda, in yi ta maimaita ta har layin ya cika. In ka hango allon daga nesa, ga hannu mai kyau, ga wasali a zaune, ga layuka duk suna ƙarewa iri ɗaya, sai ka rantse wani babban asiri ne. Na ɗauka na yi wayo.

Ana cikin haka aka yi wa Malam Ɗanjuma canjin wurin aiki zuwa Rogo, ba zato ba tsammani. A zamanmu na ƙarshe ya ba ni sabon gida, kalma goma sha biyu masu ƙarewa da "ness", ya ce in riƙe, in ya zo kwasar sauran kayansa zai ba ni ma'ana. Bai dawo ba, wani ya aiko ya kwashe masa. Na zauna da kalmomi goma sha biyu a kaina kamar baƙin da ban san sunan garinsu ba, ina tilawarsu safe da yamma don kada su gudu.

A daminar nan Yaya Rabi ta dawo gida goyon ciki, cikinta na fari, bayan shekara huɗu da aure ana jira. Ita ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Inna ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "waccan" ko "mutuniyar". Malam kuwa ko kallon inda take ba ya yi a gaban mutane, in maganarta ta kama sai ya ce "yarinyar nan", kamar 'yar maƙwabta. Amma kullum da safe, kafin ya duba allon kowa, sai ya yi mata rubutun sha na sauƙin haihuwa da hannunsa. In ya bushe sai ya jingine allon a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, Inna ta zo ta ɗauka ta wanke a ƙoƙo ta ba ta. Babu mai cewa komai, kowa ya san aikinsa.

Sai aka yi rasuwar wani aminin Malam a Kafin Dafga, ya ce zai zauna har sadakar uku. Da zai tafi ya kira ni ya nuna mini ayoyin, ya ce, "Kada ka bari yarinyar nan ta yi fashi." Wannan ne karo na farko da ya bar mini wannan aiki. Ƙanena Habu yana tsaye yana ji, na dube shi ta wutsiyar ido don in tabbatar ya ji ɗin.

Rana ta farko lafiya lau. Rana ta biyu na yi rubutun, na kai allon waje na jingine a rana ya bushe, na dawo zaure ba kowa, gardawa duk sun tafi gona. Na ce bari in yi tilawar baƙina kafin rubutu ya bushe. Na jawo tsohon allon ke nan na ji sallama a waje, muryar limamin unguwa. Cikin gaggawa na jingine allon a bakin ƙofar cikin gida, fuskarsa na kallon bango, na fita. Liman mutum ne mai son gaisuwa, ya tambayi Malam, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa, na raka shi har bakin masallaci. Da na dawo na tarar da tsohon allona a inda na bar shi, jiƙe sharkaf, fari tas. Na leƙa waje, ga allon ayoyin can a rana yana jirana, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Nan take na gane Turancina ne aka wanke aka ba Yaya Rabi. Inna ba ta karatu, ta ga allo a inda ake ajiye allo, da hannun da ta sani, ta ɗauka. Laifinta ko ɗaya babu. Abin da ya kamata in yi shi ne in shiga in faɗa nan take. Maimakon haka sai na ɗauko allon gaskiyar na kai mata.

"Yau biyu ne?" in ji Inna.

"Ƙari ne," na ce.

"Allah ya yi albarka. Ka fi Malam hannun kyauta."

Wannan albarkar da ta sa mini ta fi mari zafi. Na koma zaure ina lallashin kaina, ai tawada ce da ruwa, ai ba guba ba ce. Amma cikin kalmomin nan akwai guda da nake zargi, sickness, don na taɓa jin malamin asibiti yana faɗin mai kama da ita a kan marasa lafiya. Washegari da hantsi kuwa Yaya Rabi ta kwanta da zazzaɓi, jiki zafi rau, ko kunu ta kasa sha. Na san damina ce, na san sauro ya yi yawa, na san rabin unguwa na kwance. Duk wannan sanin bai hana ni jin cewa ni na kwantar da ita ba. Idan wani abu ya sami cikin nan da aka shekara huɗu ana roƙo, da wane ido zan dubi gidanmu? Idan kuma na faɗa, ga amanar da aka ba ni sau ɗaya tak na watsar, ga asirin Turancina ya tonu. Na yini ina auna biyun, ban sami mai sauƙi a cikinsu ba.

Malam ya dawo da la'asar. Na bari ya sha ruwa, masu sannu da zuwa suka watse, na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, tun daga inuwar mai gyaran keke har zuwa ƙaryar ƙari. Ina magana yana kallon tasbaharsa.

"Karanto abin da ka rubuta," ya ce.

Na karanto su goma sha biyun, a jere, ba tuntuɓe. Ban taɓa jin kunyar kyawun haddata ba sai ranar.

"Mece ce ma'anarsu?"

"Allah ya gafarta Malam, ban sani ba. Ba a kai ga ba ni fassara ba."

"Ka haddace abin da ba ka san ma'anarsa ba, har ka rubuta shi a allo."

Ƙuruciya ta sa na ce, a hankali, ai mu ma haka muka fara, mun haddace kafin mu san fassara. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da na fara magana.

"Wancan mun san Mai maganar," ya ce. "Wannan fa, maganar wane ne?"

Ya tambayi inda malamin yake, na ce Rogo. Ya ce in duba iskar kekena, gobe in an yi asuba za mu tafi.

Ku da kuka saba shiga mota ku isa Rogo kafin shayinku ya huce ba za ku gane wannan tafiya ba. Hanya ce ta yashi da taɓo, dawa ta yi tsawo ta rufe gefe da gefe. Malam ya haura sittin, bai taɓa hawa keke ba a saninmu, ga shi zaune a kariya a bayana, ya tattare babbar riga, ya rungume tsohon allon nan da ya sa na sake rubuta kalmomin a kai. Inda yashi ya yi yawa mu sauka mu tura, inda rafi ya kawo mu naɗe wando. Manoma suna ganinmu suna sakin fartanya su durƙusa, suna mamakin abin da ya fito da Alaramma a bayan keke. Tun daga Karaye har muka shiga Rogo sau ɗaya ya yi mini magana, da na kusa zubar da mu ya ce, "A hankali."

Mun sami Malam Ɗanjuma a Rogo Sabon Gari, a wani ɗaki da yake haya, ya dawo daga makaranta ke nan. Da ya ga wanda ke bayana sai biron hannunsa ya faɗi. Ya zube ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam, sannu da zuwa. An zo lafiya? Yaya hanya? Yaya mutanen gida? Ai da aike aka yi, da ni na zo."

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Mai nema shi ke zuwa," in ji Malam. "Tashi ka hau kujerarka."

Kujera ɗaya ce a ɗakin. Malam Ɗanjuma ya rantse ba zai hau ba, Malam ya ce shi yau ɗalibi ne, kuma bai taɓa ganin inda ɗalibi ya zauna sama da malaminsa ba. Haka dole bawan Allah ya ɗosana a bakin kujera, gumi na zuba, mahaifina ya zauna a tabarma ya ɗora allo a gwiwa, ya fito da alƙalami da kurtun tawada daga aljihu. Ya ce in riƙa karantowa ɗaya-ɗaya, malam ya fassara, shi kuma ya rubuta.

Na ce, "Kindness."

"Kirki," in ji Malam Ɗanjuma. "Ko a ce kyautatawa."

Malam ya rubuta a gefen layin. Na ji ɗan sanyi a raina. Ta biyu ta zama farin ciki, ta uku zaƙi. Na fara cewa a zuciyata ashe ma alheri na ba ta. Sai muka zo kan darkness, aka ce duhu. Sickness, ciwo, kamar yadda na zata. Weakness, rauni. Da na faɗi madness sai Malam Ɗanjuma ya dube ni ya dubi Malam, don na riga na gaya masa dalilin zuwanmu, ya ce a hankali, "Hauka." Ta bayanta, blindness, ya ce makanta. A nan na kasa ci gaba. Na ga jariri a idona, na ga Yaya Rabi, hawaye suka zubo mini a gaban mutum biyun da na fi jin kunya.

"Ci gaba," in ji Malam. "Ba a tsayawa a tsakiyar allo."

Na ƙarasa. Akwai ɗaci, akwai lalaci, akwai nagarta, ta ƙarshe kuma forgiveness, yafiya. Malam ya gama rubutu ya bi allon da ido daga sama har ƙasa. Sannan ya sa yatsa ya rufe ƙarshen kalmar farko ya tambaya, in an cire wannan wutsiyar, me ya rage? Malam Ɗanjuma ya ce abin da ya rage siffa ce, mai kirki, in an mayar da wutsiyar sai ta zama kirkin kansa. Malam ya gwada da ta biyu da ta uku da kansa, ya ga haka ne. Na ga wani abu ya motsa a fuskarsa irin wanda nake gani in ɗalibi ya kawo masa tambaya mai kyau.

"Ashe su ma suna da ƙa'ida," ya ce. "Na ɗauka surutu ne kawai."

Malam Ɗanjuma ya samu ƙarfin hali ya ce, Allah ya gafarta Malam, shi dai a ganinsa waɗannan kalmomi ba za su cuci kowa ba.

"Na sani," in ji Malam. "Tawada da ruwa ba sa makantar da kowa, ba sa warkar da kowa, sai abin da Allah ya so. Ba tsoro ne ya kawo ni ba. 'Yata ce ta sha, a allon gidana. Dole in san abin da zan gaya mata."

Shekara ashirin da wani abu ina tare da shi, ranar na fara jin ya ce "'yata". Ya faɗe ta ne a garin da ba a san shi sosai ba, a gaban baƙo, yana kallon allo. Sai a lokacin na gane abin da ya zaunar da shi a kariyar keke tun asuba.

Amma ba shi ya gaya mata ba, ni ya sa. Washegari da muka koma ya ce in shiga in karanta wa Inna da Yaya Rabi allon nan duka, da kalma da ma'ana, kada in tsallake ko ɗaya. Zazzaɓin ya riga ya sauka, na tarar da ita a tabarma a gindin rumbu tana tsince wake. Na durƙusa na yi bayani. Inna ta saki muciya tana salati, da na zo kan hauka da makanta ta ɗora hannu biyu a ka. Yaya Rabi kuwa ta tsaya da tsintar wake tana saurare har na kai ƙarshe.

"Wace ce ta kusa da ƙarshe ɗin nan? Lalaci?" ta ce. "Wannan kam kai ka fara shan rabonka kafin ka ba ni saura."

"Ke wasa kika ɗauke shi?" in ji Inna, ba ta dube ta ba.

"To Inna, na riga na sha, ba ya dawowa. Kuma ai da masu kyau a ciki. Isiyaku, sake karanto mini masu kyaun, a hankali."

Na karanto mata su biyar. Ta maimaita ta ƙarshen sau biyu, ta karya ta yadda Malam Ɗanjuma da ya ji sai ya yi kuka, sannan ta ce ta ba ni ita, in tashi in ba ta wuri. Inna ba ta yafe da wuri haka ba. Kwana goma sha ɗaya tana ajiye mini tuwo ba ta ce mini ci kanka, kuma kullum sai ta kai allo wurin Habu ya duba kafin ta wanke. A rana ta goma sha biyu, da hantsi, Yaya Rabi ta sauka, 'ya mace. Abin da Inna ta fara yi bayan ungozoma ta gama shi ne ta kai yarinyar bakin ƙofa ta wuce da yatsa a gaban idonta. Da ta ga ta ƙyafta, sai ta leƙo zaure ta ce, "Kai, ka ci abinci kuwa?" Wannan jaririyar ita ce Yayarku Maryam, kuma kun san idonta ya fi na kowa gani a danginmu, musamman in laifin wani ne.

Bayan suna da kwana biyu Malam ya kira ni zaure, ya sallami kowa. A gabansa akwai tarin takardun Alƙur'anin da nake rubutawa da ka, wanda in na kammala shi ne za a fara ce mini alaramma. Shekara ɗaya da rabi ina kansa, na kai izu ashirin da uku.

"Na ga abin da kake nema ilimi ne, ba shashanci ba," ya ce. "Da ka tambaye ni tun farko, da mun yi magana. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Wannan aikin yana son mutum gaba ɗayansa, wancan ma na ga haka yake. Ka raba hankalinka sau ɗaya, ka ga abin da ya faru. In za ka zauna, ka wanke wancan daga kanka, ka ƙarasa wannan. In za ka tafi Rogo, ka tafi da rana tsaka, kowa ya sani, ka koye shi har ma'ana. Buzu kuma Habu zai zauna."

Ya ba ni kwana uku. Na so a ce ya yi mini faɗa ya yanke hukunci da kansa, da ya fi mini sauƙi. Na duba takardun nan, na san kowane shafi da ranar da na rubuta shi. Na kuma tuna tsohuwar da ta kwana tana kukan ɗanta yana raye. Mahaddata a Karaye ba su ƙare ba, ko na tafi akwai shida a zaurenmu kaɗai, amma wanda zai karanta wa irinta takarda kuma ta yarda da shi kamar yadda take yarda da mutanen zaure, babu ko ɗaya. A rana ta uku na ce masa zan tafi. Ya ce, "To, Allah ya sa albarka," ya jawo allon wani yaro ya ci gaba da dubawa. Bai ɗago ba har na fita.

Na tafi Rogo, na yi shekara biyu a hannun Malam Ɗanjuma, daga nan hanyar da kuka sani ta buɗe, har na yi shekara talatin ina koyar da Turancin nan, kuma ban taɓa ba yaro kalma ya kwana da ita babu ma'anarta ba. Wasiƙun da na karanta wa mutane a zauren Malam in na zo hutu ba su ƙirguwa, shi da kansa yakan ce a ajiye takarda sai Isiyaku ya zo. Ban yi nadama ba. Amma ban sake yin rubutun sha a gidanmu ba, ba a kuma taɓa ce mini alaramma ba, kuma shekara goma sha tara ina ɗauke da tambaya ɗaya da na kasa yi masa: albarkar nan da ya sa mini yana kallon allon wani, daga zuciya ta fito, ko dai haƙuri ya yi da ni?

Bayan rasuwarsa, da aka yi sadakar bakwai, Baffanku Habu ya kira ni ɗakin Malam ya buɗe wata gafakar ajiye Alƙur'ani. Alƙur'anin nan ne da na fara, Habu ya ƙarasa shi, ban taɓa neman in gani ba. Ya yi ta ɗaga takardu har ya zo izu na ashirin da huɗu, inda hannu ya canja daga nawa zuwa nasa. A tsakanin shafukan biyu akwai wata 'yar takarda da ba ta fi tafin hannu ba, ta yi ja don tsufa. Habu ya ce tun ranar da na hau keke na tafi Rogo karatu Malam ya sa ta a wurin, ya kuma hana a cire. Hannun Malam ne, da jar tawada, layi biyu. An rubuta: "Nan Isiyaku ya tsaya, ya tafi neman wani ilimin da iznina. Na yarda da shi."

Na karanta sau ɗaya, na nemi in sake, idona ya ƙi. Habu ne ya karanta mini na biyun.